Yadda za ka zaɓi gild a gem ɗin onlayin, ka shiga, kuma ka zauna lafiya da mutanensa

Wata uku cur na yi ina buga Albion Online ni kaɗai a waya, in sari itace, in haƙo ƙarfe, in loda wa sa in kai kasuwar Martlock in sayar in dawo, kullum haka, kuma duk ranar da na ce bari in leƙa baƙin yanki, inda kowa ke iya kashe kowa ya kwashe kayansa, in samo kaya masu tsada sai wasu mutum biyar ko shida su tare ni su kwashe komai har abin hawan da nake kai. Saura kaɗan in goge gem ɗin. Sai da na shiga gild na gane ashe rabin wasan ban taɓa ganinsa ba, domin irin waɗannan gem ɗin tun asali an gina su ne yadda manyan abubuwan ciki ba sa yiwuwa sai da jama'a. To amma gild ɗin da na fara faɗawa bai yi min rana ba, na biyu ma da rigima na bar shi, sai a na uku na zauna, shi ya sa nake son in shimfiɗa maka abin da za ka duba tun kafin ka danna neman shiga.

Gild dai ƙungiya ce ta 'yan wasa a cikin gem, da sunanta da shugabanta da hafsoshinta da asusunta. Sunan yana canzawa daga gem zuwa gem: a World of Warcraft da Albion da Elder Scrolls Online gild ake cewa, a Final Fantasy XIV sunansa Free Company, a RuneScape klan, a EVE Online kuma kamfani suke kiransa, kamfanoni su haɗu su yi ƙawance. Kowane gem da iyakar mutanen da gild zai ɗauka, Albion 300, Final Fantasy XIV 512, World of Warcraft 1,000. Kar wannan lissafin ya ruɗe ka ɗan uwa. Gild mai mutum 280 da idan ka shiga da dare ka tarar da mutum huɗu kowa ya yi tsit, bai kai gild mai mutum 40 da 25 ke hawa kullum ba. Adadin da ya shafe ka ɗaya ne, mutum nawa ne ke onlayin a lokacin da kai kake da sararin yin wasa.

Wannan maganar lokacin ita ce farko kuma ita ce mutanenmu suka fi faɗuwa a kai, don haka bari in daɗe a kanta. Ka fara da saba, wato babbar kwamfutar kamfanin gem ɗin da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta. Albion tana da uku, ta Amurka, ta Asiya da aka buɗe a 2023, sai ta Turai da ke Amsterdam wadda aka buɗe a Afrilun 2024, kuma abin da ka tara a wannan ba ya bin ka zuwa waccan, daga sifili za ka fara. Mu da ke Najeriya da Nijar ta Turai ta fi mana, ping ɗinta, wato jinkirin da ke tsakanin dannawarka da amsar saba, ya fi sauƙi, sannan darensu darenmu ne. Ka shiga gild ɗin 'yan Amurka sai ka ga babban yaƙinsu yana faɗowa biyu ko uku na dare agogonmu, sati biyu za ka jure, a na uku barci da aiki su raba ku.

Albion da EVE da agogon UTC suke aiki, mu kuma awa ɗaya muke gaba da shi, 'yan uwa na Ghana ne kawai nasu ya zo daidai ba lissafi. Idan gild ya rubuta fita ƙarfe 18:00 to bakwai na yamma ke nan a wajenmu, kuma ba a lokacin ake taruwa ba, rabin awa kafin nan ake kiran kowa ya sa kayansa ya shiga fati (rukunin da za a fita tare), wato shida da rabi, daidai Magariba ke nan a yawancin shekara. Wanda ke fita 20:00 shi ne tara na dare, ka yi Isha'i ka ci tuwo ka zauna hankali kwance. World of Warcraft a sabobin Turai kuwa agogon Faris suke bi, shi kuma yana da tarko: da hunturu daidai yake da namu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, reid ɗin (fitar taron dangi kan manyan dodanni) da ka saba takwas sai ya dawo bakwai. Na san wanda ya rasa gurbinsa saboda wannan kawai, sati biyu a jere yana zuwa an riga an yi nisa. Saboda haka kafin komai ka tambaye su ranakun fita da sa'o'in, ka mayar agogonmu, ka ɗora a kan lokutan sallah da aikinka ko makaranta, in bai hau ba ka wuce komai kyawun gild ɗin. Kuma kar ka ji nauyin faɗa musu tun farko cewa kana tashi minti goma ka yi sallah, sabobin Turai cike suke da Turkawa da Larabawa, yawancin shugabanni sun saba da jin haka, reid ɗin awa uku ma dama akan yi hutu a tsakiya. Abin da ba sa yafewa shi ne ka ɓace ba sanarwa.

Bayan lokaci sai ka tambayi kanka me kake so. Akwai gild na zumunci, hira da taimakon juna, ba wanda zai tsare ka da rajista. Akwai na reid, masu ware dare biyu ko uku a sati don kayar da manyan dodanni, can ƙololuwarsu ne ake samun irin su Liquid da Echo da Method masu tseren wa zai fara kashe dodon ƙarshe a duniya duk lokacin da Blizzard, kamfanin World of Warcraft, ta saki sabon reid. Akwai na yaƙi da sauran 'yan wasa, masu ƙwace yanki su tsare, akwai na 'yan kasuwa da maƙera, akwai masu wasan kwaikwayo da karaktocinsu. Sabon shiga ya nemi gild mai koyarwa, suna nan, a EVE akwai EVE University tun 2004 aikinta ke nan. Kar ka kai kanka wajen masu tsanani alhali a sati awa biyar kake da ita, za su matsa maka kai ma ka takura musu.

Neman ba wuya. World of Warcraft tana da wurin neman gild a cikin gem ɗin, Final Fantasy XIV tana da Community Finder a shafinta, Albion akwai tashar ɗaukar mutane a cikin cat, wato wurin hira ta rubutu, da kuma Discord, manhajar hira da murya ta 'yan wasa. Amma wanda ya fi duka shi ne ka yi wasa da mutane tukuna, ka shiga danjin (wurin da 'yan mutane kaɗan ke haɗuwa su yaƙi dodanni) da baƙi, wanda ka ga ya yi haƙuri da kai lokacin da ka yi kuskure ka duba sunan gild ɗin da ke kansa ka yi masa magana. Gayyatar da ke faɗo maka haka kawai daga wanda bai ce maka ko sannu ba, yawanci masu tara kawuna ne, a Albion ma akwai dalili, gild yana yankar haraji daga duk silba, wato kuɗin gem ɗin, da ka tsinta a jikin dodanni, to yawan mutane yawan kuɗin shiga. Ka tambayi kashi nawa ne harajin, kuma me ake yi da shi. Gild na kirki zai faɗa maka ba ɓoye-ɓoye.

Idan gild ɗin mai tsari ne za su tura ka Discord ka cike fom, wani lokaci har hafsa ya kira ka ta murya ku yi magana minti goma. A World of Warcraft za su duba tarihinka a shafukan Warcraft Logs da Raider.IO masu ajiye tarihin wasan kowa, a Albion su duba allon kashe-kashe su ce ka turo hoton ƙididdigar karaktanka da hoton shafin shiga inda duk karaktocinka ke jere. Ranar da aka fara ce min haka raina ya ɓaci, na ɗauka don sun ji muryar ɗan Afirka ne. Ba haka ba ne, kowa ake yi wa, kuma suna da hujja, da ɗan gari akan ci gari. A EVE Online a 2005 wata ƙungiya mai suna Guiding Hand Social Club ta cusa mutanenta cikin kamfanin Ubiqua Seraph, suka yi wajen wata goma suna aiki kamar 'yan gida har aka ba su makullai, rana ɗaya suka tarwatsa jirgin shugabar suka yashe rumbunan, dukiyar da aka kiyasta ta kai dala 16,500 a kuɗin gaske, kamfanin CCP mai gem ɗin kuma bai hukunta kowa ba don ba su karya dokar wasan ba. A Fabrairun 2009 kuma darakta ɗaya tak da ya sauya sheƙa ya rushe ƙawancen Band of Brothers, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a gem ɗin a lokacin. Duk tsohon ɗan wasa ya san waɗannan labaran. Ka ba su hotunan da suka nema, ka faɗi gaskiya a kan gild ɗin da ka baro da dalilin barinsa don za su iya tambaya. Abu ɗaya ne ba a bayarwa ko waye ya nema, faswod ɗinka da lambar da ake turo maka ta imel. Ba shugaban kirki da zai nemi wannan, ba da aron akawun ma laifi ne da kamfanonin ke rufe akawun a kansa.

In an ɗauke ka za ka fara da matsayin ɗan gwaji, sati biyu zuwa wata guda galibi. Mutane suna ɗauka gwanintarsu ake aunawa, eh ana dubawa, amma wallahi abin da hafsoshi suka fi sa wa ido shi ne, in ka ce za ka zo kana zuwa? In aka gyara maka kuskure kana maimaitawa? Ka karanta tashar dokoki da ta sanarwa tun ranar farko, ka mayar da sunanka na Discord daidai da na karaktanka don a gane ka, ka sa hannu a rajistar fita, in ba za ka samu zuwa ba ka rubuta a tashar uzuri tun da rana. Azumi ya zo, ka gaya musu tun sati guda kafin nan cewa tsakanin shan ruwa da tarawihi ba za a gan ka ba.

Sai murya. Ka shiga tashar murya ko da ba za ka ce uffan ba, kunne ake buƙata ba baki ba. Ka sa iyafis, ka kashe maik ɗinka ko ka saita shi sai ka danna yake buɗewa, don ƙarar janareta ko fanka ko yara a tsakar gida tana iya rufe muryar mai ba da umarni mutum ashirin su mutu. Turancinka bai yi ƙarfi ba? Ba komai, kalmomin fagen fama ba su fi goma sha ba kuma su ake ta nanatawa. Ful shi ne a jawo dodo a fara faɗa, agro shi ne hankalin dodon ya koma kan wani, waif shi ne kowa ya mutu a sake daga farko, rez a tayar da wanda ya faɗi, stak ko klam a dunƙule wuri ɗaya, sfred a watse. Mai kira, wato mai ba da umarni, a yaƙin Albion zai ƙirga uku, biyu, ɗaya, kowa ya saki babban makaminsa a wuri guda a daƙiƙa guda, wannan haɗuwar ita ce duk sirrin, wanda ya saki nasa da wuri ya yi asararsa.

Matsayi uku ne ginshiƙi a kusan duk gem ɗin nan: tanki mai tsayawa gaba ya sha dukan, hila mai warkar da mutane, da masu duka da ake kira DPS. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya koyi hila ko tanki. Masu duka sun yi yawa ko'ina, kowa so yake a ga lambarsa a sama, amma fati na iya tsayawa minti ashirin ana cigiyar hila ɗaya. Sai dai ka auna netwok ɗinka da gaskiya, in yana yawan yankewa kar ka karɓi babban tanki, don shi in ya tsaya cak na daƙiƙa biyar kowa ya tafi. Kuma gild in ya ce ga kayan da ake sawa a wannan matsayin, su za ka sa, ba wanda ka ga ya yi maka kyau ba.

Daren da na san na samu gida ba daren nasara ba ne. Mun fito mu kusan arba'in, fati biyu, ina riƙe da sandar warkarwa, wayar ta yi zafi a hannuna kamar dutsen guga, mai kira yana ta dama dama, ku matso, ku matso, sai kawai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, waifai ya mutu, kafin wayar ta koma kan data in sake shiga na tarar da kaina kwance, mutum huɗun da nake kula da su su ma sun bi ni, kayana na mataki na shida duk an kwashe. Na zauna cikin duhu zufa na karyo min ina jiran zagi. Da aka koma maɓoya sai hafsan masu warkarwa ya kira ni gefe a wata tashar, ya ce me ya faru, na faɗa masa, ya ce to daga yau in za a fita ka hau data tun farko ka bar waifai, ka cika fawa banki, kuma zan haɗa ka da wani hila a fati ɗaya don in ka yanke ya riƙe. Da safe na buɗe akwatin gild na ga sabon saiti an ajiye da sunana. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, shi ya sa nake cewa kar ka yanke hukunci a kan gild sai ka ga yadda suke magana bayan an ci su da yaƙi ko bayan waif na goma a kan dodo ɗaya. In shugaba yana zagin uwar mutane a murya kowa ya yi shiru, to ranar taka na zuwa.

Wannan mayar da kayan shi ake kira rigiya, kuma yana da ƙa'ida: sai in fitar gild ce ta dole wadda suke kira CTA, sai in kayan da aka ce ka sa ne a jikinka, kuma sai ka tura hoton mutuwarka a tashar da aka ware. Kar ka mutu a yawon kanka ka kawo hoto, suna dubawa. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kana karɓar kayan gild to in an kira ka fito.

Yanzu ga inda gild ke fashewa, rabon ganima. Matsalar tsohuwa ce. A Molten Core, reid ɗin farkon World of Warcraft, mutum 40 ke shiga, dodo ya faɗi ya bar kaya biyu ko uku, to wa za a ba? Tun kafin nan ma, a EverQuest a 1999, wani gild mai suna Afterlife ya ƙirƙiro tsarin DKP, kowane zuwa da kowane dodo da aka kashe kana samun maki, kaya in ya faɗo ka saya da makinka. Amfaninsa a fili yake, wanda ya fi wahala shi ya fi samu kuma kowa na ganin lissafin, illarsa kuma tsofaffi su tara maki sabo ya yi wata biyu bai ga komai ba. Akwai masu jefa ƙuri'a, gem ɗin ya fitar da lamba daga 1 zuwa 100 mai babba ya ɗauka, ba son kai a ciki amma wanda ya zo yau zai iya ɗauke abin da wani ya yi wata huɗu yana jira. Akwai masu bin layi kamar adashe, ka ɗauka ka koma ƙarshe. Sai majalisar rabo, hafsoshi kaɗan su zauna su ce wane ya fi dacewa, manyan gild masu tsere da ita suke aiki don suna son makamin ya je hannun da zai fi amfanar kowa, kuma ita ce ta fi kyau in mutanen na da amana, ita ce kuma ta fi muni in babu. A Albion yawanci tara ganimar ake yi a akwati ɗaya a sayar, a cire kuɗin gyara da kason gild, a raba sauran daidai.

Gild ɗina na biyu a nan muka rabu. Muka yi fita ta awa uku, aka samu kaya masu nauyi, aka ce za a sayar a raba gobe, goben ta zama sati, da aka tashi rabawa abin da ya iso hannunmu bai kai rabin abin da kowa ya lissafa da idonsa ba, wanda ya tambaya aka ce yana tada fitina aka cire shi. Ban ce sata aka yi ba don ban gani ba, amma ba hoton akwati, ba lissafi, ba wanda ya isa ya tambaya. Tun daga nan tambayata ta farko ga duk gild ita ce yaya kuke rabo kuma a ina aka rubuta. In a rubuce yake tun kafin a fita, kuma ana ɗora hoton akwatin kowa ya gani, to ko tsarin bai yi maka daɗi ba za ka iya zama. In aka ce maka kar ka damu mu nan 'yan uwa ne, to ka damu. Kai ma ta naka ɓangaren, kar ka taɓa ɗaukar abin da ba a ba ka ba ko da kuskuren dannawa ne, in ya faru ka faɗa nan take ka mayar, sunan ɓarawon ganima yana bin mutum daga gild zuwa gild, saba kuma ƙauye ce, kowa ya san kowa.

Asusun gild ma haka, ka zuba abin da za ka iya, ganye, ƙarfe, abinci, maganin sha, ka ɗebi abin da za ka yi amfani da shi a fitar gild kawai, duk abin da ya shiga ko ya fita gem ɗin na rubutawa da sunanka. Kar ka ranci kuɗin gem a hannun mutane a watanka na farko, kar kuma ka sayi silba ko zinare da kuɗin gaske a hannun 'yan bayan fage ko da ɗan gild ne ya kawo maka tallan, rufe akawun ake yi.

Zaman tare kuwa sai da kiyaye harshe. Za ka zauna da Bajamushe da Baturke da ɗan Brazil da ɗan Masar a tasha ɗaya, yawancin gild sun hana gardamar siyasa da addini kuma gaskiyarsu ne. In wani ya taɓa ka, kar ka rama a babban cat, ka ɗauki hoton maganar ka kai wa hafsa a keɓe. In zagin launin fata ne ko na addini kuma hafsoshi suka ce wasa ne, ka kai ƙara ta cikin gem ɗin ka kama gabanka, ba ka da abin zama a nan. 'Yar uwa mai wasa, ba dole ba ne ki buɗe maik ko ki faɗi ke wace ce, ki fara sauraro ki ga yadda suke yi wa matan da ke ciki tukuna. Kuma dukkanmu, sunan gaskiya da unguwa da lambar waya ba kayan Discord ba ne.

In tafiya ta kama, ka tafi ta ƙofa. Ka mayar da kayan aro, ka rubuta wa shugaba layi biyu na godiya da dalili, ka yi sallama a cat, kar ka fita ana tsakiyar reid kuma kar ka bi mutane ta bayan fage kana janye su.

Masu son kafa nasu kuma, buɗewar ba ta da wuya, a World of Warcraft sa hannun mutum huɗu ne a takardar kafawa, a Classic, tsohon salon gem ɗin, tara, a Final Fantasy XIV mutum uku bayan kai. Riƙewar ce aiki. Kar ka fara sai kana da mutum biyar zuwa takwas da kuka riga kuka saba wasa tare, ku tsayar da dare biyu a sati da ba sa motsi, ku rubuta dokar rabo kafin ganimar farko ta faɗo. Gild na masu jin Hausa abu ne mai yiwuwa kuma yana da daɗin da ba a samu a wani wuri, lokacin sallarku ɗaya, matsalar wutarku ɗaya, mai kira ya ce ku ja baya kowa ya gane ba fassara, sai dai ku yi ƙawance da wani babban gild don yaƙin da ya fi ƙarfinku. Makullin asusu kuwa a hankali ake bayarwa, kowane matsayi da iyakar abin da zai iya cira a rana, ikon korar mutane da taɓa kuɗi ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku da ka daɗe da sani. Kuma ƙananan ayyukan nan na ma'aji, biyan haya, sabunta yanki, kar a bar su a kan mutum ɗaya. Yaƙin B-R5RB na EVE a Janairun 2014, wanda aka yi awa 21 ana gwabzawa, aka rasa manyan jiragen Titan 75 da dukiyar da aka kiyasta ta kai wajen dala 300,000, asalinsa kuɗin riƙe yanki ne da ba a biya a kan lokaci ba.

Kai shugaba kuma ka naɗa mataimaki tun kana nan. Jarrabawa za ta zo, ko tafiya, ko waya ta lalace, gem ɗin kuma ba ya jira: a Final Fantasy XIV in shugaba ya yi kwana 35 bai shiga ba shugabancin na komawa hannun wani da kansa, a World of Warcraft bayan kwana 90 wani daga cikin manya zai iya karɓe kujerar. In ka san za ka yi nisa, ka miƙa wa wanda kuka yarda da shi da hannunka, ka rubuta a tashar sanarwa ranar da kake sa ran dawowa da wanda za a nema kafin nan.